Ina so in mai da horar da karnuka sana'a, ku ba ni shawara

Ɗan Kakuri:
Assalamu alaikum jama'a. Gadi nake yi a wani gida a Barnawa, Kaduna. Maigidan yana da kare irin German Shepherd, kuma ni nake ba shi abinci, ni nake fita da shi. Yanzu in na ce zauna zai zauna, in na ce tsaya ba ya motsi, abin da shi kansa maigidan bai samu ba. Wani abokinsa ya gani, ya ce zai biya ni in gyara masa nasa mai tsalle kan baƙi. Tun ranar nake tunani: akwai abinci a harkar nan? A ina ake koyo sosai? Hajiyarmu kuwa da ta ji, cewa ta yi duk sana'o'in duniya na rasa sai ta kare.

Tsohon Kofur:
Wa alaikumus salam ƙanena. Abinci akwai, amma ba a kowane gari ba. Abuja, Jos da kudancin Kaduna, can ne masu biya suke, sai kamfanonin tsaro. 'Yan sanda suna da sashen karnuka, NDLEA ma tana da masu shinshino ƙwaya, amma wannan sai an ɗauke ka aiki tukuna, ba wuri ne da za ka biya kuɗi ka koya ba.

Kare ɗaya da ya saba da kai bai mai da kai gwani ba. Kai kake ciyar da shi, dole ya ji maganarka. Ranar da aka kawo maka Boerboel ɗan shekara 3 da ya tashi ɗaure da sarƙa, a nan za ka san inda ka tsaya. Nemi mai kiwon karnuka da yawa ka zama yaronsa, ka share keji, ka cire kaska, ka zuba ido. Kuma ka sani rabin aikin mai karen ne kake horarwa. Za ka hana kare tsalle, ya koma gida yara su riƙa ɗaga masa nama sama yana tsalle suna dariya, bayan sati biyu a kira ka a ce ka ci kuɗi banza.

Ka bar duka. Ɗan busasshen nama a aljihu, ka ba shi a daidai lokacin da ya yi abin da kake so, ba bayan minti ɗaya ba. Minti 10 zuwa 15 ya isa zama ɗaya, da sassafe ko bayan la'asar, don zafin watan Afrilu yana galabaitar da masu gashin nan.

Maman Ilham:
Ni a asibitin dabbobi nake aiki. Don Allah kafin ka taɓa karen kowa ka ce a nuna maka katin rigakafinsa. Ciwon haukar kare, da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi. Kai ma akwai allurar da ake yi wa masu aiki da karnuka tun kafin cizo, je ka yi. Idan an cije ka, wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, sannan ka nufi asibiti ranar. Allurar karnukan kuma ana yi daga wata 3, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos ma tana haɗa ta. Kada ka haɗa 'yan kwikwiyon da ba su gama allura ba da sauran, ciwon parvo, mai sa su amai da gudawa, yana kwashe su cikin 'yan kwanaki.

Abu Hafsa:
Game da Hajiya, ka bi ta a hankali. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta ambaci dabbobin farauta da aka koyar, kuma hadisi ya yi rangwame kan karen farauta, na kiwo da na gona. A mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, duk da ana wanke kwanon da ya sha sau bakwai. Sayar da kare kuwa akwai saɓani, wannan kai wa malaminku. In da hali shi ya yi mata bayani, za ta fi ji daga bakinsa.

Ɗan Kakuri:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yallaɓai Kofur, na abokin maigidan nan, in karɓa ko in bari sai na koyo? Rottweiler ne, wata 7.

Tsohon Kofur:
Wata 7 yana lanƙwasuwa, karɓi. Amma a gidansu za ka yi, mai shi yana tsaye, kuma kada ka yi masa alƙawarin koya masa cizo.