Na'urar TENS tana korar barci kuwa?

Mai aikin dare: Jama'a a ba ni shawara. Ƙarfe 3 na dare in ta yi idona rufewa yake a wurin aiki, kofi kuma ya fara sa min bugun zuciya. Wani ya ce in sayi TENS ɗin nan da ake manna wa fata, wai wutarta tana wartsakar da mutum. Ba ciwo nake ba fa, barci ne matsalata. In saya?

Uwar biyu: Saya kawai ƙanina, ciwon bayana ita ta taimaka min, kuma araha ce.

Mai aikin dare: Anti na ce ba ciwo nake ba.

Tsohon direba: Wace araha, faifan mannawar nan kullum cikin canzawa kake. Ni dai kar ka saya. Na manna a gaban wuyana don kar in yi gyangyaɗi, na ƙure wutar, wallahi jiri ya kwashe ni sai ganina na yi a ƙasa, leɓena ya fashe, wanda ya sayar min ko waya ya daina ɗauka, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Mai gashin ƙashi: Baba ai laifinka ne, ba a sa ta a gaban wuya, akwai wurin da ke saita hawan jini da bugun zuciya a nan. Masu farfaɗiya ko batirin zuciya ma an hana su, kuma ba a tuƙi da ita. TENS don ciwo aka yi ta, tushenta bayanin da masana kimiyya Melzack da Wall suka yi a 1965 ne kan yadda ake jin ciwo, wutar tana danne saƙon zafi a lakar baya. Wadda ake gwadawa kan wartsakewa daban ce, jijiyar vagus take taɓawa, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da ciki.

Tsohon direba: Kai a takarda ka karanta, ni jikina ya gaya min.

Ɗan lantarki: Ka zo in ba ka shokin kyauta, sati guda ba ka barci 😂

Mai gashin ƙashi: Zillon da za ka yi na ɗan lokaci ne, sinadarin adenosin mai sa jin barci da ya taru a ƙwaƙwalwa, barci ne ke sauke shi.

Uwar biyu: To yaushe zai yi barcin? Mijina dare 5 a jere suke sa shi, ya dawo da safe a kira shi mitin ƙarfe 10.

Mai aikin dare: Namu ya fi, ranar hutunka ma sai a ce wani bai zo ba. Amma TENS ɗin fa?

Ɗan lantarki: Ku ana biyan ku kuɗin obataim ma kuwa?