Manifol ɗin tsohuwar Hilux: wa ya taɓa canzawa?

Mai Hilux, Gusau:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tsohuwar Hilux mai injin 22R, ta kafireta, wadda na gada wurin mahaifinmu, da ita nake ɗauko hatsi daga kasuwannin ƙauye. Yau sati uku ke nan ta ƙi zama a silo. In na ɗaga ƙafa daga totur sai ta kama rawa ta mutu, kuma ina jin wani huci siriri a gefen injin kamar na maciji. Birki ya yi tauri, ruwan lagireto yana raguwa alhali ba na ganin ɗigo a ƙasa. Bakanikena ya wanke kafireta sau biyu, ya canza filogi, yanzu ya ce manifol ɗin iska ne, wato bututun da ke raba iska da fetur daga kafireta zuwa silindoji, a sayo wani. Wanda ya taɓa yin wannan aiki ya gaya mini abin da ya gani kafin in kashe kuɗi.

Tsohon bakanike, Kano:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka saya tukuna. Tun ina yaron gareji nake kwance 22R, kuma manifol ɗin da na jefar don ya fashe da gaske ba su da yawa. Galibi gaskit ne da ke tsakaninsa da tof, wato kan injin, ya mutu, ko ɗaya daga ƙananan tiyo na iska ya bushe ya tsage. Ka tayar da mota da safe tana sanyi, ka fesa maganin wanke kafireta kaɗan kaɗan a bakin haɗin. Inda ka fesa ka ji muryar injin ta canza, nan take shan iskar sata. Ka yi nesa da salansa da wayoyin filogi, abin yana kama wuta.

Taurin birkin ma daga nan ne, don busta, wadda ke sauƙaƙa taka birki, a manifol take samun zuƙo. Ka ciro babban tiyon da ya tafi wurinta ka toshe bakin da yatsa. In silo ya daidaita, to manifol ba shi da laifi a maganar iska.

Maganar ruwa ce ta ɗan tsaya mini. A 22R ruwa yana bi ta cikin manifol, tamostat ma a jikinsa yake zaune, kuma akwai wani faranti a ƙasansa da ruwa ke kwanciya. Mu kuma ruwan rijiya muke zubawa shekara da shekaru, shi yake cinye alminiyam ɗin ta ciki har ya yi ramuka kamar gara ta ci itace. In ka kwance ka ga haka a bakin hanyar ruwa, to lallai sai canji.

Direba, Funtua:
Baba ya faɗi gaskiya. Ni nawa ya ci da gaske, na je na sayo na Beljiyam ban tafi da tsohon ba. Mai shagon ya rantse mini duk ɗaya ne. Da muka kara shi a jikin tof sai ga ramukansa zagayayyu, na injina kuma masu kusurwa. Ashe na 20R, wani injin Toyota daban, ya ba ni. Kwana biyu ina sintiri kafin ya yarda ya canza, shi ma sai da na yi ciko. Ka tafi da naka a buhu, ka ajiye su gefe da gefe, ka ƙirga kowane rami da kowane bakin tiyo. Ka tafi da rula ta ƙarfe ka ɗora a fuskarsa ka duba ta hasken rana, in haske yana wucewa ta ƙasa ya lanƙwashe, ka bar musu kayansu.

Ɗan Zariya a Jidda:
Nawa ba Toyota ba ce, amma bari in sa baki. A garejin da nake aiki tsofaffin GMC da Chevrolet masu silinda 8 muka fi taɓawa, injin 350. Shi manifol ɗinsa a tsakiya yake kwance kamar murfin tukunya, ƙarƙashinsa baƙin mai ne, kuma distiributa ta cikinsa take ratsawa ta baya. Aikina na farko ban sa alama ba na zare ta. Mun gama ɗauri tsaf, aka murza makulli, sai harbi ta kafireta, wuta har ta lashi gashin hannun maigidana. Sai da muka koma muka nemo silinda ta ɗaya muka jera wayoyi 1-8-4-3-6-5-7-2. Ranar na sha faɗa da Larabcin da ban ma gama iyawa ba.

Abu biyu na koya a kansu. Tsofaffin noti 12 suke da shi, waɗanda aka yi daga 1996 masu tof ɗin Vortec noti 8 ne, a tsaye suke shiga, ba sa hawa kan juna ko kana so. Na biyu, duk yadda ka kiyaye sai ruwa ya zuba cikin injin lokacin ɗaga manifol. Ka juye baƙin mai kafin ka tayar. Na ga wanda ya yi rowar galan ɗaya, bayan kwanaki mai ya koma kamar shayi da madara.

Mai Land Cruiser, Maraɗi:
Mu nan juwan muke ce wa gaskit ɗin naku. Tawa ta gazuwal ce, wato dizal, ita ba ta yi mini rawar silo ba, shiru ta yi tana cutuwa. Robar da ke tsakanin filtar iska da manifol ce ta tsage ta ƙasa inda ido ba ya kai, na yi hunturu guda ina zirga-zirga a hanyar Dakoro tana shaƙar ƙura kai tsaye. Sai da ta fara shan mai da farin hayaƙi mai shuɗi muka buɗe, cikin manifol kamar an yayyafa garin ƙasa a kan kwalta. Ringi na canza a ƙarshe. Alhaji, tunda ka ce hanyar ƙauye kake bi, iskar satar nan ba ta bi ta filta ba, kada ka ja lokaci.

Yaron gareji, Kaduna:
Oga, ni kuskurena zan faɗa. Ina kankare tsohon gaskit ban toshe ramukan tof da tsumma ba, wasar noti ta suɓuce ta faɗa ciki. Allah ya taimake ni bawul ɗin a rufe yake, da maganaɗisu muka zaro ta. Tun ranar ina toshewa, kuma ina ƙirga tsummokaran kafin in mayar da manifol. Sannan ku ɗauki hoton tiyoyin nan da waya ta kowane ɓangare kafin a taɓa komai, suna da yawa kuma duk kama ɗaya. A 22RE, wato irin 22R mai injekta, akwai wani dogon noti na alanki da ke ɓuya wajen tamostat, in ba ka san da shi ba za ka yi ta bugun manifol yana ƙin fita.

Direba, Funtua:
Baba, gam fa? Nawa bakanike ya shafe gaskit da jan gam gaba da baya.

Tsohon bakanike, Kano:
Wannan ɗabi'a ita ta fi ba ni haushi a yaran yanzu. Gaskit mai kyau a kan fuska mai tsabta ba ya neman gam, in ma za a sa to ɗan siriri a kewayen hanyar ruwa. Wanda aka lafta yana matsowa ciki, ya gutsure, ya je ya toshe lagireto. Kuma fetur yana narkar da shi. Shi ɗan'uwanmu na Jidda dole ya sa a bangon gaba da na baya, injinsa haka yake, ba irin namu ba ne.

Ɗauri kuma daga tsakiya ake farawa a fita gefe, a zagaya sau biyu ko uku. Littafin 22R awo 19 ya ce a ma'aunin ƙarfin ɗauri na Nm, wato kaɗan ne ƙwarai, ɗaurin tsintsiyar hannu. Tof ɗin alminiyam ne. Kana sa faif a sifana don ƙarin ƙarfi, tiredi zai biyo notin ya fito, aikin rabin yini ya zama na kwana uku.

Mai Hilux, Gusau:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya muka yi gwajin feshi, wajen silinda ta huɗu muryar ta canza, kuma tiyon busta ya tsage a wuyansa. Da muka sauke manifol, fuskarsa lafiya lau a kan rula, amma farantin ƙasan nan da Baba ya faɗa ya ci har ƙusa tana shiga. Shi kaɗai na sayo da gaskit da tiyo sababbi. Yanzu tana zaune a silo, birki ya dawo. Ruwa ne nake sa wa ido, na cika na sa alama a robar, ranar Juma'a in na dawo daga kasuwa da kaya zan duba in gaya muku. Baba, tamostat ɗin mun tarar wani ya cire shi tun tuni, in mayar ko in bar ta haka?