Neman shawara: ƙahonnin badujala masu araha sun fara ba mu matsala

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da 'yan badujalar wata makarantar sakandare a Zariya. Bara muka sayi ƙahonni da bigila 'yan Sin daga Legas, don kuɗin sabon ƙaho ɗaya ƙirar kamfanin Yamaha zai sayi irin waɗannan da yawa.

Bigilar ba ta da laifi, tunda ba ta da maɓallai. Matsalar tana ga ƙahonnin. Maɓallan nan uku da ake dannawa, na biyun yana maƙalewa a ƙasa, ko an wanke an sa masa mansa. Da farko na ɗora laifin a kan ƙurar hunturu, to ga damina ta zo, abin bai canza ba. Ɗaya kuma dalmar da ta riƙe bututunsa ta saki, iska na fita. Abin da ya fi ci mini rai, yaran sun fara zaton su ne ba su iya busa ba.

Shin ana iya goge fistan ɗin, wato ƙarfen da maɓallin ke turawa cikin rami, ya daidaita, ko ramin ne tun daga masana'anta ba a yanka shi daidai ba? Akwai mai gyaran irin wannan a Kaduna ko Jos? Ko mu haƙura mu nemi Yamaha ko Jupiter na hannu?