Wai da gaske babu deribeshan a kan C[0,1] sai sifili?

Mai digiri na biyu: Jama'a, jiya aka ce mana a C[0,1], aljebrar Banach (aljebra mai cikakken nom, wato ma'aunin girma) ta fankshan masu ɗorewa a kan [0,1], duk deribeshan (aiki mai bin dokar Leibniz) sifili ne. Ban yarda ba. Ina d/dx, mai fitar da gangarar fankshan? Yana bin dokar Leibniz sarai, D(fg) = fD(g) + D(f)g.

Ɗalibar dokta: Ƙanena, d/dx ba ya aiki a kan kowane fankshan mai ɗorewa. Tun 1872 Weierstrass ya kawo wanda ba shi da gangara a ko'ina. Ko |x − 1/2| ma ya ishe ka.

Mai digiri na biyu: To mu koma C¹[0,1], fankshan masu gangara mai ɗorewa, Yaya. Ita ma aljebrar Banach ce da nom ɗin ‖f‖ + ‖f′‖.

Ɗalibar dokta: Can kuma f′ yana ficewa daga gidan. Ka ɗauki f daga C¹, gangararsa ta faɗa C. Deribeshan ɗin da ake magana dole ya dawo cikin aljebrar da ya fito.

Mai koyar da kalkulas: Ni ina bayan yaron nan. Ku ɗauki C∞[0,1], fankshan da ake iya ɗaukar gangararsu sau ba adadi, komai santsi, d/dx ba ya fita waje. Ina hujjarku yanzu?

Malamin sashe: Malam, gwada f = e^(nx). D(f) = nf, don haka ‖D(f)‖ = n‖f‖ ko da wane nom ka zaɓa. Ƙara n yadda ka ga dama, D ba shi da iyaka. Johnson da Sinclair kuwa sun nuna a 1968 cewa a aljebrar Banach da radikal ɗinta (mahaɗar dukkan manyan aidiyal ɗinta) sifili ne, kowane deribeshan mai iyaka ne. Radikal ɗin C∞ kuwa sifili ne, ke nan babu cikakken nom da zai mayar da ita aljebrar Banach. Asalin zancen daga Singer da Wermer yake, 1955: idan ab = ba a ko'ina, deribeshan mai iyaka yana zuba komai cikin radikal; radikal ɗin C[0,1] kuwa sifili ne, shi ya sa duk deribeshan a can sifili ne. Sun yi hasashen ba a buƙatar sharaɗin iyakar, sai da Marc Thomas ya tabbatar a 1988.

Mai digiri na biyu: Ranka ya daɗe, matiriks fa? D(x) = ax − xa ba sifili ba ne.

Malamin sashe: Can ab da ba sukan bambanta, sharaɗin ya faɗi. Wannan shi ne deribeshan na ciki, a aljebrar von Neumann (wani nau'in aljebrar Banach) ma duka haka suke, aikin Kadison da Sakai na 1966.

Mai koyar da kalkulas: Na ji lissafin, ban musa ba. Amma a ganina wannan gazawar tsarin Banach ce, rigar ta yi wa kalkulas kaɗan. C∞ aljebrar Fréchet ce, mai jerin ma'aunai maimakon nom ɗaya, d/dx yana zaune lafiya a can.

Ɗalibar dokta: Ba gazawa ba ce, Malam. Daga dokar Leibniz kawai ka samu iyaka kyauta, wa zai kira wannan asara?

Mai koyar da kalkulas: Wanda yake koyar da 'yan aji ɗaya gangara gobe da safe.