Kyamarar ganin zafi don duba gidaje: FLIR C5, Hikmicro B20, ko ta maƙalawa a waya?

sabon_shiga:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu aikin duba gidaje ina neman shawararku. Ina duba wa mutane gida kafin su saya, yoyon rufi, danshin bango, wayarin da sauransu, to yanzu ina so in ƙara da kyamarar ganin zafi saboda akwai abin da ido da tocila ba sa kamawa. Uku nake ta juyawa a raina, FLIR C5 mai fiksel 160x120, Hikmicro B20 mai 256x192, sai ƙananan nan da ake maƙalawa a gindin waya irin su Topdon TC001 da FLIR One Pro. Abin da ya ɗaure min kai shi ne C5 ɗin fiksel ɗinta bai kai na B20 ba amma hotunanta sun fi fitowa tas. Sannan wai da gaske ne tana nuna ruwan da ke cikin bango?

tsohon_hannu:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in fara da ta ƙarshen don nan ne mutane suke ruɗewa. Ba ta ganin cikin bango, ko kaɗan. Zafin fuskar abu kawai take karantawa. Inda ya jiƙe yakan fito da sanyi ne saboda ruwan yana bin iska yana tafiya da zafin wurin, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki in iska ta buga. To amma ba ruwa kaɗai ke sa wuri ya yi sanyi ba fa, iska mai shigowa ta tsaga tana yi, bututun ruwan sanyi yana yi, ƙarfe ko kankare a bayan filasta ma yana yi. Shi ya sa ni ba na rubuta wa mutum "akwai danshi" a rahoto sai na ɗora mitar auna danshi a wurin ta tabbatar min. In ba ka da mitar nan ka fara sayenta tukuna.

Batun hoton C5 kuwa, wata fasahar FLIR ce da ake kira MSX ka gani. Kyamara biyu ce a jiki, ta zafi da ta hoto zalla, sai ta ɗauko layukan gefen abubuwa daga hoton zallan ta zana a kan na zafin, shi ya sa kake ganin soket da rubutu raɗau. Yana da amfani sosai wajen gane inda ka ɗauka, amma bai ƙara ko ɗigo ɗaya na awo ba. Yi lissafi, 160x120 ɗigo 19,200 kenan, 256x192 kuma 49,152, ya ninka biyu da rabi. In kana ƙasa kana hango silin mai tsayi nan za ka ga bambancin.

Abin da na fi dubawa ma shi ne lambar da suke rubutawa NETD, wato ƙanƙantar bambancin zafin da za ta iya rarrabewa, iya ƙanƙantar lambar iya kyanta. C5 ƙasa da 70 mK aka rubuta mata, B20 ƙasa da 40 (mK ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na digiri). Aikin gida ai duk a kan ɗan bambanci yake, wani danshin digiri ɗaya ne ko ƙasa da haka tsakaninsa da busasshen wuri. Kar tallan cewa C5 tana auna zafi har digiri 400 ya ja ka, me za ka auna mai zafi haka a ɗakin kwana?

mai_wayarin:
Oga tsohon_hannu ka yi gaskiya a kan lambobi amma ni dai ba zan kushe C5 ba. Aikinmu ba ɗaukan hoto ba ne kawai, rahoto ake biyanka ka kawo, kuma ita tana shiga aljihu, tana tura hotuna ta Wi-Fi, manhajarsu ta haɗa rahoto ba ta da wahala. Ko wacce za ka saya dai ka tabbata tana ajiye hoton da awon kowane ɗigo a ciki, yadda in ka koma kan kwamfuta za ka taɓa ko'ina ka ga digirinsa, ba hoto mai launi kawai ba.

Na waya kam ban ba ka shawara ba in sana'a ce. TC001 ma 256x192 ce, hotonta ba laifi, amma cajin wayarka take sha, ga kira ya shigo kana kan tsani, ga bakin soket ɗin yana iya karyewa. FLIR One Pro tana da nata batirin amma kusan awa ɗaya yake yi.

Ɓangaren wuta kuma don Allah ka kula. Ƙarfe mai sheƙi yana yi wa kyamara ƙarya, jan ƙarfe zai iya ɗaukan zafi sosai ta nuna maka kamar ba komai, ko ta nuna maka zafin jikinka da ya dawo daga kansa. Fenti, katako da bulo suna wajen 0.9 zuwa 0.95 a saitin fitar da zafi, wato lambar 0 zuwa 1 da ke gaya wa kyamara yadda abu ke fitar da zafinsa, gogaggen ƙarfe kuwa ƙasa da 0.1 yake. Auna a kan robar wayar wutar ko jikin birekar. Kuma sai da lodi a kai, a kunna esi da hita da sauransu, ana son ya kai kashi 40 cikin ɗari na lodin da aka tsara wa layin aƙalla, in ba haka ba sako-sakon haɗi ba zai yi zafin da za ka gani ba. In ba ka da horon wuta kar ka buɗe murfin akwatin da kanka.

mai_auna_gini:
Ƙarin bayani kaɗan malam. Ko kyamarar da ta fi kowace tsada ka riƙe, in zafin ciki da na waje ɗaya ne ba abin da za ka gani a bango. Ana son bambancin ya kai digiri 10 na Salshiyos, kuma ya ɗan jima a haka. Bangon da rana ta yini tana duka yana riƙe zafi har bayan faɗuwarta, zai ɓata maka hoto. Gilashi kuma ba ta ratsa shi, kanka za ka gani a ciki. In da hali ka duba FLIR E8-XT mai 320x240 ko Testo 871 mai 240x180. Hattara da manyan lambobin da ake rubutawa a kwali, wani lokacin manhaja ce ta kumbura hoton, nemi ainihin fiksel ɗin na'urar zafin.

sabon_shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zuciyata ta karkata ga B20 da mitar danshi. Saura abu ɗaya, na ga an rubuta 9 Hz a C5, 25 Hz a B20, wannan zai dame ni?

tsohon_hannu:
Ba sosai ba. Yawan hoton da take nunawa ne a daƙiƙa ɗaya, ƙa'idar fitar da kaya ta Amurka ce ta sa FLIR ke tsayar da ƙananan nasu a 9. Bango ai ba gudu yake ba, sai dai in kana juya hannu da sauri mai 9 ɗin tana ɗan tsinkewa, mai 25 ta fi santsi. Abin da zan roƙe ka ka koya tun ranar farko shi ne kulle ma'aunin launi da hannunka. In ka bar ta tana saitawa da kanta, kwan fitila ɗaya ya shigo hoton sai duk bangon ya koma launi ɗaya danshin ya ɓace. Matse tazarar ta zama digiri kaɗan kusa da zafin ɗakin. Ka gwada a gidanka, jiƙa wani ɗan wuri a bango da tsumma, ka riƙa dubawa har ya bushe a ido, za ka ga yadda yake fitowa a kyamarar. In ka samu dama kuma ka yi kwas ɗin matakin farko na aikin kyamarar zafi kafin ka fara saka hotunan a rahoton mutane.