Bawul ɗin hayaƙi ya sake ƙonewa bayan gyara, ina matsalar take?

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana injin mota game da Toyota Corolla ɗina mai injin 4A-FE, wanda kowace silinda ke da bawul huɗu, biyu na shigar iska da fetur, biyu na fitar hayaƙi.

Watanni biyar da suka wuce injin ya fara kakkarwa, salansa tana tari. Bakanike ya auna matsin silinda ta uku ya tarar ya yi ƙasa, ya ɗiga baƙin mai ta ramin fulogi bai ƙaru ba, don haka ya ce ba zoben fistan ba ne. Da aka buɗe, gefen bawul ɗin hayaƙi ɗaya ya cinye. An canza shi, amma yanzu alamomin sun dawo a silinda ɗin nan dai.

Na fahimci cewa bawul ɗin hayaƙi yana sauke yawancin zafinsa ne lokacin da ya zauna daram a mazauninsa, kuma ban ga an auna tazarar da ke tsakaninsa da kam (sandar da ke juyawa tana danna bawul ya buɗe) ba, abin da ya tsaya mini a rai. Shin ƙarancin tazarar ne, ko mazaunin ya lalace, ko kuwa fetur ne ba ya isa silindar? Wanne ya kamata a fara dubawa kafin a sake kwance injin?