Kyautar mota ga gidan marayu: ana rage haraji kuwa?

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum. Alhaji yana son ba wani gidan marayu a nan Kumasi motarsa kafin Disamba ya ƙare. An ce a Amurka ana rage wa mutum haraji kan haka. Mu fa a Gana?

Malam na Asawase: Wa alaikumus salam. Akwai, a sashe na 100 na dokar harajin kuɗin shiga ta 2015. Amma sai GRA, hukumar tara haraji ta Gana, ta amince da ƙungiyar da ke riƙe da gidan marayun a matsayin ta agaji. Ku nemi takardar amincewar tukuna, nan ake yawan tuntuɓe, don rajistar ƙungiya kaɗai ba ta wadatar ba. Kuma daga kuɗin shigar Alhaji ake cire darajar motar kafin a lissafa haraji, ba wanda zai mayar masa da kuɗinta.

Hajiya ta Tafo: Ɗana, ku canza sunan mai mota a DVLA, hukumar rajistar motoci da lasisin tuƙi, kafin 31 ga Disamba. In ba a canza ba, motar ta buge wani, Alhaji za a nema. Gidan marayun su ba ku rasit mai lambar mota, lambar shasi da kwanan wata, ku haɗa da takardar ƙima ku miƙa wa GRA kafin ƙarshen Afrilu.

Baba na Sabon Zongo: A Amurka, idan ƙimar ta wuce dala 500 kuma ƙungiyar ta sayar da motar, galibi kuɗin da aka sayar ne ake cirewa. Amma ku tambayi gidan marayun ko suna da kuɗin mai da gyara, kada kyauta ta zame musu kaya.